Tambayoyi da Amsoshi kan Agaji da Rayuwar 'Yan Rohingya a Sansanonin Bangaladesh

Duk sanda labarin Rohingya ya sake tasowa, walau gobara ta cinye sansani ko an ji an rage musu abinci, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke dawowa daga bakin masu son taimakawa: 'yan kwamitin masallaci, ɗaliban jami'a, ƙungiyoyin mata masu haɗa sadaka, da ma'aikatan agaji da suka san sansanonin Borno da Diffa, suna son jin yadda na can suke. Ga su nan an tattara. Kowace amsa za a iya karanta ta ita kaɗai, amma inda wata ta jingina da wata an nuna.

Su wane ne 'yan Rohingya, kuma daga ina suka fito?

Al'umma ce, mafi yawanta Musulmi, daga jihar Rakhine, wadda a da ake kira Arakan, a yammacin ƙasar Myanmar, wato tsohuwar Bama. Manyan garuruwansu su ne Maungdaw da Buthidaung da Rathedaung a arewacin jihar, dab da kogin Naf da ya raba Myanmar da Bangaladesh. Manoman shinkafa ne da masunta da 'yan tireda. Harshensu ya yi kusa da wanda ake yi a yankin Chittagong na Bangaladesh.

Tushen wahalarsu shi ne dokar zama ɗan ƙasa ta 1982. Hukumomin Myanmar suna da jerin ƙabilu 135 da suka yarda na ƙasar ne, kuma babu Rohingya a ciki. Baƙin haure daga Bengal suke kiransu, alhali a wannan ƙasa aka binne kaka da kakanninsu. Tun kafin a fara korar su, ɗan Rohingya sai ya nemi takardar izini kafin ya je garin da ke maƙwabtaka da nasa, sai ya nemi izini kafin ya yi aure. Duk abin da za a karanta a ƙasa, daga abinci har zuwa mutuwa a teku, yana komawa ne ga wannan rashin ƙasa.

Me ya kore su daga gida?

Ba sau ɗaya aka kore su ba. A 1978 sojoji suka yi samame da sunan tantance baƙi, kimanin mutum 200,000 suka tsere zuwa Bangaladesh. A 1991 da 1992 wasu kimanin 250,000 suka sake tsallakawa. Akasarinsu an mayar da su daga baya, wasu ba da son ransu ba. A 2012 rikici ya ɓarke tsakanin 'yan ƙabilar Rakhine mabiya addinin Buddha da Musulmi, aka killace kimanin mutum 140,000 a sansanoni a cikin jihar, mafi yawa a kewayen birnin Sittwe.

Babbar musibar ta zo ne ranar 25 ga Agusta 2017. Wata ƙungiya mai ɗauke da makamai da ake kira ARSA ta kai hari kan ofisoshin 'yan sanda kusan 30, sojoji kuwa suka huce a kan ƙauyuka baki ɗaya da harbi da fyaɗe da ƙone-ƙone. Cikin 'yan watanni sama da mutum 700,000 suka shiga Bangaladesh, wasu a ƙafa ta cikin duwatsu da gonakin shinkafa, wasu a kwale-kwale, 'ya'ya na ɗauke da iyayensu tsofaffi a cikin kwanduna da aka rataya a sanda. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ƙiyasta cewa an kashe aƙalla mutum 6,700 a watan farko kaɗai, cikinsu har da yara 730 da ba su kai shekara biyar ba.

Ashe wannan ba yaƙin addini ba ne tsakanin mabiya Buddha da Musulmi?

Addini yana ciki, wannan ba a musu. Akwai malaman addinin Buddha masu tsattsauran ra'ayi, irin su Wirathu da ƙungiyar Ma Ba Tha, da suka shafe shekaru suna hura wutar ƙiyayya ga Musulmi. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce an yi amfani da Facebook wajen yaɗa wannan ƙiyayya, kamfanin kuma ya amince a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba don hanawa. Amma wanda ya riƙe bindiga ya ƙone ƙauyukan shi ne sojan Myanmar, kuma wannan sojan ya daɗe yana yaƙar Kiristocin Kachin da Chin, ya kuma kashe dubban mabiya Buddha 'yan'uwansa bayan juyin mulkin 2021. Wanda ya ɗora laifin a kan duk mai bin addinin Buddha ya sauke wa janar-janar ɗin nauyin da yake nasu.

Ina sansanonin suke, kuma mutum nawa ne a ciki?

Suna gundumar Cox's Bazar a kudu maso gabashin Bangaladesh, a ƙananan hukumomi biyu, Ukhiya da Teknaf. Sansanoni 33 ne. Mafi yawansu sun haɗe da juna sun zama gari guda da ake kira Kutupalong-Balukhali, wanda shi ne sansanin gudun hijira mafi girma a duniya, da mutum sama da 600,000. Jimillar mazauna ta haura miliyan ɗaya, kuma fiye da rabinsu yara ne. Daga 2024 wasu kimanin 150,000 sun sake shigowa saboda sabon yaƙi a Rakhine. Bayaninsa na cikin amsar da ke magana kan komawa gida. A wasu sassan sama da mutum 40,000 ne ke cunkushe a murabba'in kilomita ɗaya, ga shi kusan ba gidan bene. Akwai kuma tsibirin Bhasan Char, wanda ke da tambayarsa daban a ƙasa.

Wa ke tafiyar da sansanonin?

Iko na gwamnatin Bangaladesh ne. Akwai ofishin kwamishinan agaji da mayar da 'yan gudun hijira, RRRC, a ƙarƙashinsa kuma kowane sansani yana da jami'in da ke kula da shi, wanda ba a gina ko makewayi sai da sa hannunsa. Tsaro yana hannun wata bataliyar 'yan sanda masu makamai tun 2020. Aikin agaji kuwa hukumar 'yan gudun hijira UNHCR da hukumar ƙaura IOM ne ke jagoranta, WFP na kan abinci, UNICEF na kan yara da karatu, tare da ƙungiyoyi da dama na waje da na cikin gida kamar BRAC da Red Crescent ta Bangaladesh.

A ƙasa can, kowane rukunin gidaje yana da majhi, kamar mai unguwa. Shi ke riƙe da jerin sunaye, shi ke kai koke, shi ke sanar da ranar rabo. Sojoji ne suka naɗa mafi yawansu a 2017, ba zaɓen jama'a ba ne, shi ya sa ake yawan ƙorafin son kai da karɓar na goro. Wani abin lura: Bangaladesh ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba, kuma a takardunta na hukuma waɗanda suka zo a 2017 "'yan Myanmar da aka raba da muhallinsu da ƙarfi" ne. Wannan matsayi ne ke buɗe ƙofar hana su aiki da gini da karatun ƙasar.

Yaya ɗakin da iyali ke kwana yake?

Gora ce da tamfol. Ana kafa ginshiƙan gora, a saƙa tsagaggiyar gora a yi bango, a rufa leda mai kauri a sama, a ɗaure da igiya, a danne da buhunan yashi don kada iska ta kwashe. Girman ɗakin da aka amince da shi kimanin ƙafa 10 ne a 15, kuma a nan miji da mata da 'ya'ya, wani lokaci har da suruka, za su kwana. Ana rataya zani ko wata ledar a raba shi biyu, ɗaya ɓangaren na mata. A lungu ɗaya murhun gas, a wani lungun tabarmi a naɗe da buhun shinkafa da jarkar ruwa. Tsakaninka da maƙwabci bangon gora ne kawai; tarinsa da kukan jaririnsa da saɓaninsa da matarsa duk a kunnenka.

Da rana ledar kan ɗauki zafi har ɗakin ya gagari zama, da damina kuma ta yi yoyo. Ƙwari na cinye gorar da ba a jiƙa ta a magani ba cikin shekara ɗaya zuwa biyu, don haka gyara ba ya ƙarewa. Shekara da shekaru hukuma ta hana ginin bulo da siminti, saboda kada zaman ya yi kama da na dindindin. Yaron da aka haifa a ƙarshen 2017 bai taɓa kwana a ɗaki mai bango na gaske ba.

Me suke ci, kuma nawa ake ba kowa?

WFP ba ta raba buhuna kamar da. Kowane gida yana da kati, duk wata a zuba masa kuɗi gwargwadon yawan mutanen gidan. Uwar gida ko maigida zai je ɗaya daga cikin manyan shagunan da ke cikin sansanin, a duba katin, a tantance shi, sannan ya zaɓi abin da kuɗin zai iya saya: shinkafa, wani ƙaramin wake da suke kira dal, man girki, gishiri, sukari, albasa, tafarnuwa, busasshen barkono, ƙwai, busasshen kifi. Shinkafa ce ke lashe kaso mafi tsoka, don ita ce abincin safe da rana da dare. Gidajen da suka fi rauni suna samun ɗan ƙari don sayen kayan lambu da ɗanyen kifi ko kaza, kuma akwai 'yan dako da ke ɗaukar wa tsofaffi da naƙasassu kayan zuwa gida.

Adadin kuɗin shi ne abin tayar da hankali. Dala 12 ce ga mutum ɗaya a wata kafin 2023. A watan Maris na shekarar aka rage zuwa dala 10, a watan Yuni aka mayar da ita dala 8, wato santi 27 a yini, santi 9 a kowane cin abinci. Binciken da aka yi a ƙarshen shekarar ya nuna tamowa a tsakanin ƙananan yara ta haura kashi 15 cikin ɗari, mafi muni tun 2017. A 2024 aka riƙa ɗagawa har ta kai dala 12 da rabi. A Maris 2025 WFP ta yi gargaɗin za ta koma dala 6, sai da aka samu kuɗi a ƙurarren lokaci aka tsayar da ita a dala 12.

Kuma ba ciki kaɗai wannan kati ke ciyarwa ba. Takalmin yaro, maganin da asibitin sansani ba shi da shi, likkafani, duk daga nan ake tsakura: a sayar da ɗan mai ko shinkafa a arha don a samu tsabar kuɗi. Masu ganin kayan agaji a kasuwa su ce an yi almundahana sau da yawa wannan suke gani.

Me ya sa ba za su nemi na kansu ba, sai jiran agaji?

Domin doka ta hana su. Ɗan Rohingya ba shi da izinin ɗaukar aiki a Bangaladesh, ba ya buɗe asusun banki, ba ya fita sansani sai da takarda. Tun 2019 aka fara kewaye sansanonin da waya mai ƙaya da hasumiyoyin tsaro. Abin da ya rage shi ne aikin sa-kai a ƙarƙashin ƙungiyoyin agaji, inda ake biyan ɗan alawus: koyarwa, kwasar shara, gyaran hanya da magudanar ruwa, zagayen wayar da kai kan lafiya. Gurbin kaɗan ne, masu nema dubbai. Akwai ƙananan kasuwanni da shagunan shayi da na aski da gyaran waya, amma ba su da kariya, an sha rushe su. Wasu kan sulale su yi ƙodago a gonaki da wuraren gishiri a kan ladan da bai kai na ɗan gari ba, in an kama su kuma su sha tara ko duka.

Mutanen nan manoma ne da suka saba ciyar da kansu har su sayar da rara. Zaman jiran kati an ɗora musu shi ne. Shi ya sa duk ranar da wata ƙasa mai ba da tallafi ta rage kasafinta, ragin ke sauka kai tsaye a tukunyarsu, ba tare da wata madafa ba.

Da me suke girki?

Da gas. A shekarar farko itace suke sara, har dazuzzukan yankin suka kusa ƙarewa, yara mata na yin tafiya mai nisa mai haɗari don nemo shi. Daga 2018 aka fara raba murhu da tukunyar gas ana kuma cika ta lokaci-lokaci, aka dasa itatuwa, tsaunukan suka soma komawa kore. Wurin da aka kafa sansanin hanyar giwaye ce tun asali, kuma giwaye sun tattake mutane sun mutu a farkon zuwan. Yanzu akwai 'yan sa-kai da ke kwana a hasumiyoyin gora suna gadi, in giwa ta tunkaro su kora ta da fitilu da hayaniya.

Yaya batun ruwa da makewayi da asibiti?

Ruwa daga rijiyoyin burtsatse da famfunan da ke aiki da hasken rana yake zuwa, ana sake shi a ƙayyadaddun sa'o'i. A Teknaf ruwan ƙasa ƙaranci yake, da rani layin jarkoki kan yi tsawo sosai. Makewayi na tarayya ne, gidaje da yawa ga guda ɗaya, kuma sai an riƙa kwashe shi.

Asibitoci kyauta ne, kuma sun yi aikin a-zo-a-gani: gagarumin riga-kafin kwalara da aka fara a Oktoba 2017 ya taimaka wajen hana annobar da kowa ke fargaba. Amma cunkoso yana haifar da nasa. An yi fama da mashaƙo a ƙarshen 2017. A 2023 ƙazuwa ta kama kimanin kashi 40 cikin ɗari na mazauna. Binciken MSF ya gano kusan mutum ɗaya cikin manya biyar na ɗauke da ciwon hanta nau'in C. Zazzaɓin dengue na dawowa duk damina. Mai ciwon ƙoda ko daji kuwa sai an ba shi takardar fita zuwa babban asibiti, abin da kan ɗauki lokaci.

Wanne ya fi musu haɗari, damina ko rani?

Kowanne da nasa. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, a kan tsaunukan yashi da aka sare wa itatuwa. Ƙasa kan zaftare ta binne ɗakunan da ke ƙasa, sau da yawa cikin dare. Ga guguwar teku: Mocha ta Mayu 2023 ta lalata dubban ɗakuna duk da cewa gefenta kawai ya taɓa sansanonin.

Rani kuwa lokacin gobara ne. Gora busasshiya, leda, tukunyar gas, ɗaki manne da ɗaki, lungunan da motar kashe gobara ba ta shiga. Ranar 22 ga Maris 2021 wuta ta tashi a Balukhali ta cinye ɗakuna kusan 10,000, ta kashe aƙalla mutum 15, ta bar sama da 45,000 a fili. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin yadda wayar nan mai ƙaya ta tare masu gudu. A Maris 2023 wata gobarar ta raba kimanin mutum 12,000 da matsuguninsu. Bayan kowace gobara sai a sake kawo gora da leda, a gina abin da zai sake ci.

Yara suna karatu?

Suna yi, amma karatu ne mai gajeren zango. Akwai dubban cibiyoyin koyo, ɗaki guda na gora, yara na zuwa rukuni-rukuni na 'yan sa'o'i. An hana koyar da su harshen Bangla da manhajar Bangaladesh, don kada su saje da 'yan ƙasa. A ƙarshen 2021 aka fara gwajin manhajar Myanmar da yara 10,000, daga baya aka faɗaɗa, ana koyarwa da harshen Bama, wanda yawancin yaran ba sa ji a gida, ƙwararrun malamansa kuma ba su da yawa. Babbar damuwar iyaye ita ce takardar shaidar da wata jami'a za ta karɓa. A tsakiyar 2025 ƙarancin kuɗi ya tilasta rufe cibiyoyi da yawa na wani lokaci, aka sallami malamai sama da dubu.

Makarantun Alƙur'ani da na addini suna ko'ina, al'umma ce ke riƙe da su da ɗan abin da take da shi, kuma da asuba nan yara ke fara zuwa. 'Yan mata da yawa suna daina fita karatu da zarar sun balaga.

Me ya fi damun mata?

Dare. Makewayi da wurin wanka suna nesa, lungu ba haske, don haka mata da yawa kan rage ci da sha da yamma don kada buƙata ta kama su. Da yawansu suna ɗauke da raunin abin da aka yi musu a 2017, wasu kuma su ne ke riƙe da gida bayan an kashe mazajen. Talauci ya ƙara aurar da yara da wuri. A al'adar da ta yaɗu a can, iyayen amarya ne ke ba ango dukiya, wanda ba shi da ita sai ya karɓi tayin wani da ke Malesiya, a sa yarinya a jirgin ruwa. Duba amsar da ke kan teku. Akwai cibiyoyin mata zalla inda ake ɗinki da shawara da ganin ungozoma, kuma suna cikin abubuwan da ake fara rufewa idan kuɗi ya yanke.

Akwai tsaro a ciki?

Da rana akwai ma'aikatan agaji. Da la'asar suna fita, sansanin ya koma hannun wasu. Ƙungiyoyi masu makamai, musamman ARSA da RSO, sun sha gwabza faɗa kan iko, ga masu safarar ƙwayar yaba da masu garkuwa don kuɗin fansa. Ranar 29 ga Satumba 2021 aka harbe Mohib Ullah a ofishinsa a Kutupalong. Malamin makaranta ne da ya tattara sunayen waɗanda aka kashe a 2017, ya kuma yi magana da yawun jama'arsa a Geneva da fadar shugaban Amurka. An kashe majhi da malamai da dama bayansa. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun kuma zargi wasu 'yan sandan da ke gadi da karɓar kuɗi da kamen zalunci. Matashin da ba makaranta, ba aiki, ba fita, shi ne abin farautar masu ɗaukar mayaƙa.

Mene ne Bhasan Char?

Tsibiri ne da laka ta tara a Tekun Bengal. Sojan ruwan Bangaladesh ya gina gidajen siminti da katangar tare ruwa don mutum 100,000, aka fara kai mutane a Disamba 2020, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hannun fara aiki a can a Oktoba 2021. Kimanin mutum 35,000 ne ke zaune. Gini ya fi na Cox's Bazar, amma nesa yake da dangi da babban asibiti, ba a barinsa sai da izini, kuma an samu waɗanda suka nutse a ƙoƙarin gudu.

Me ke sa su shiga teku alhali sun san ana mutuwa?

Idan ruwa ya lafa bayan damina, masu safara kan loda mutane a jiragen kamun kifi zuwa Malesiya ko lardin Aceh na Indonesiya, tafiyar makonni. UNHCR ta ce a 2023 kusan mutum 4,500 ne suka hau, 569 suka mutu ko suka ɓace, wato kusan ɗaya cikin takwas. Mata da yara sun fi yawa a cikin matafiyan. Wasu ana tsare su a hanya a riƙa buga wa dangi waya ana neman ƙarin kuɗi. Sun san duk wannan. Wanda ya karanta amsoshin abinci da aiki da tsaro zai gane lissafin da uba ke yi kafin ya sayar da 'yan kunnen matarsa ya biya kuɗin jirgi.

Su kuma 'yan garin da suka karɓe su fa?

Sun cancanci a yaba musu. A 2017, kafin manyan ƙungiyoyi su iso, talakawan Ukhiya da Teknaf ne suka fito da shinkafa da ruwa suka buɗe gidajensu. Yau baƙin sun ninka su wajen sau biyu, ladan ƙodago ya faɗi, daji da ruwa sun ragu, zumuncin ya yi tsami. Shi ya sa shirin agaji na shekara-shekara yake ware kaso ga 'yan garin.

Me ya hana su komawa gida?

Su kansu komawar suke so, amma da sharaɗi: a ba su zama 'yan ƙasa, a mayar musu da filayensu, a tabbatar da tsaronsu. Bangaladesh da Myanmar sun ƙulla yarjejeniya a Nuwamba 2017. An shirya motoci a Nuwamba 2018 da Agusta 2019, ba wanda ya hau. Ranar 1 ga Fabrairu 2021 Janar Min Aung Hlaing, wanda ya jagoranci sojan a 2017, ya ƙwace mulki. Daga baya ƙungiyar Arakan Army ta 'yan ƙabilar Rakhine ta ƙwace Buthidaung a Mayu 2024 da Maungdaw a Disamba 2024, iyakar gaba ɗaya ta koma hannunta. Rohingya da suka rage sun shiga tsaka mai wuya: sojan da ya hana su zama 'yan ƙasa ya riƙa tilasta wa samarinsu shiga yaƙi, ita ma Arakan Army ana zarginta da kisa da ƙone gidajensu, zargin da take musantawa. Ƙauyuka da yawa na 2017 an baje su da katafila. Mayar da su wata ƙasa ta uku kuwa, kamar Amurka ko Kanada, 'yan ƙalilan ne ke samu.

An gurfanar da wani a kotu?

A nan Afirka ta Yamma ta taka rawar gani. Gambiya ce, da goyon bayan ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, ta kai Myanmar ƙara Kotun Duniya da ke Hague ranar 11 ga Nuwamba 2019 bisa zargin kisan ƙare dangi. Ministan shari'arta na lokacin, Abubacarr Tambadou, ya taɓa aiki a kotun kisan kiyashin Ruwanda, ya kuma ziyarci sansanonin a 2018. Aung San Suu Kyi da kanta ta je ta kare ƙasarta. A Janairu 2020 kotun ta umarci Myanmar ta kare Rohingya da suka rage, a Yuli 2022 ta yi watsi da ƙorafin cewa Gambiya ba ta da hurumi. A wata kotun daban, ta manyan laifuka ta duniya (ICC), mai gabatar da ƙara ya nemi sammacin kama Min Aung Hlaing a Nuwamba 2024. Amurka ta ayyana abin da ya faru a matsayin kisan ƙare dangi a Maris 2022.

Me ya sa kuɗin agajin ke raguwa?

Duk shekara ana fitar da shiri guda na haɗin gwiwa. Na 2025 ya nemi dala miliyan 934 da ɗoriya, kuma shekara da shekaru ba a cike abin da aka nema. Hankalin masu bayarwa ya rabu zuwa Yukren da Gaza da Sudan. Amurka ce ta fi kowa bayarwa, don haka dakatar da tallafinta na waje a farkon 2025 ya girgiza komai. A watan Ramadan na shekarar, Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya António Guterres ya je ya yi buɗa-baki da 'yan gudun hijirar tare da Muhammad Yunus, shugaban riƙon ƙwaryar Bangaladesh na lokacin, don jawo hankalin duniya. Gaskiya ƙasashen Musulmi masu arziki za su iya yin fiye da abin da suke yi, kuma abin da ake buƙata daga gare su kuɗi ne mai ɗorewa, ba rabon naman layya sau ɗaya a shekara kawai ba.

Ina so in taimaka daga nan. Ta ina zan bi, kuma zakka ta halatta?

Kuɗi ya fi kaya. Tufafi ko hatsin da za a tara a nan, kuɗin dakonsa zai fi ƙimarsa, ga shi ba a shigar da komai sansani sai ta hannun ƙungiyar da gwamnatin Bangaladesh ta yi wa rajista. A bi ta shafukan hukumomin da ke aiki a can, waɗanda aka ambata a amsar masu tafiyar da sansanoni. Kaɗan da ake bayarwa duk wata ya fi amfani a kan mai yawa na lokaci ɗaya, domin katin abinci duk wata ake cika shi.

Game da zakka, ba shakka matalauta ne kuma mabuƙata. UNHCR tana da asusun zakka na 'yan gudun hijira tun 2019, kuma Rohingya na cikin masu amfana. Sai dai a mazhabar Malikiyya asali shi ne a raba zakka a inda dukiyar take, ana fitar da ita ne idan na nesa sun fi buƙata, mu kuma muna da namu masu gudun hijirar a Borno da Zamfara da Diffa. A tuntuɓi malami a kan wannan. Sadaka kuwa ƙofarta a buɗe take.

Hotunan da ake turowa a WhatsApp da lambar asusu a ƙasa, gaskiya ne?

A yi hattara. Wasu daga cikin hotunan da suka fi yawo ba daga Myanmar suke ba. Wanda ke nuna malaman Buddha tsaye a kan tarin gawarwaki daga girgizar ƙasar Yushu ne a ƙasar Sin a 2010, inda malaman ke taimakawa wajen jana'iza. Na ƙonannun gawarwaki a jere kuma daga fashewar tankar mai ne a Kwango a wannan shekarar. Irin waɗannan hotuna suna ba masu musun ta'asar hujjar cewa duk ƙarya ce, alhali shaidun gaskiya sun isa har kotu. Idan saƙo ya zo da asusun mutum ɗaya, a tambayi sunan ƙungiyar, da lambar rajistarta, da abokiyar aikinta a Cox's Bazar, da sansanin da take aiki a ciki. Sansanonin suna da lambobi, kuma mai aiki a can da gaske zai faɗi nasa nan take.